Me ya sa muke zuwa likita a makare? Magana kan yarda da awon ciwon sida

  

Tun farko in faɗa muku, ni ba lokotoro ba ne, ban taɓa riƙe allura ba. Ɗan rakiya ne ni. Na kwana bisa tabarma a barandar asibiti, na bi layin farmasi da takardar magani a hannu, na ɗauko gawa. Da wannan idon zan yi magana, kuma in na yi kuskure ma'aikatan lafiya suna nan, su gyara mini.

Ina da wani ɗan uwa, ɗan ƙanen babana, tela ne. Ba zan faɗi sunanshi ba, ba zan faɗi garin ba. Mutum ne mai ƙarfi, in salla ta matso yakan kwana bisa keke yana ɗinki. Wata shekara sai ƙuraje masu zafi suka fito mishi a gefe guda na jiki, suka yi mishi kamar ɗamara. Aka shafa magani, suka warke. Bayan nan sai masassara, ta tafi ta dawo. Ya je likita, aka ce palu ne. Ya koma, aka ce tifoyid. Ya koma, aka yi mishi ƙarin ruwa. Daga baya zawo ya sa shi gaba, ya fara ramewa, wandon da ya ɗinka wa kanshi ya daina zama a ƙugunshi. Gida aka ce basir ne, wasu suka ce sammu, aka sha saiwa, aka sha rubutu, aka saida keken ɗinki guda.

Wata rana muna zaune mu biyu na ce mishi: “Yaya, me zai hana a yi maka awon nan?” Bai tambaye ni wane awo ba, ya san abin da nike nufi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: “Ƙanena, wadda ka ɗibar jini a can, ƙanwar matar maƙwabcina ce. In an auna ni da safe, kahin la'asar dut unguwa ta ji. Wa za ya ƙara kawo mini ɗinki?”

Har yau ban san ko matar nan tana da surutu ba. Mai yiwuwa baiwar Allah ce mai riƙon amana. Amma shi bai yarda ba, kuma rashin yardar nan ya ci mishi kusan shekara biyu. Ranar da aka yi awon, a kwance muka kai shi, tari ya riga ya kama shi, ba ya iya tsayuwa. Aka fara ba shi magani, bai yi wata biyu ba Allah ya yi mishi rasuwa. Matarshi an auna ta a lokacin, an same ta da ƙwayar cutar, aka sa ta bisa magani tun tana da ƙarfinta. Yau tana nan, tana sana'arta, ta aurar da ɗiya. Cuta guda, gida guda, magani guda. Abin da ya raba su lokaci ne. Mun yarda ajali na Allah ne, amma an umurce mu da neman magani, kuma neman magani yana da lokacinshi.

To, bari in ɗan yi bayanin abin da ya sa lokaci ke da nauyi haka a wannan ciwo. Ƙwayar cutar, wadda ake ce ma VIH, in ta shiga jiki ba ta kayar da mutum nan take. Tana bin wasu ƙwayoyin jini da ake kira CD4, su ne sojojin da ke tsaron jiki, tana cinye su sannu sannu. Mai lafiya yakan samu daga 500 zuwa 1500 a cikin ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. Mutum zai iya yin shekara takwas ko goma yana noma, yana kasuwa, yana aure, bai ji komi ba, alhali sojojin nan suna raguwa. In suka sauka ƙasa da 200, hukumar lafiya ta duniya OMS tana cewa ciwon ya yi nisa. A nan ne tarin fuka, da sanƙarau irin na masu raunin jiki, da zawon da ba ya tsayawa suke samun ƙofa. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da wannan ƙwayar cuta a duniya. Kun ga ke nan wanda ya ce sai ya ji ciwo zai je awo, ya riga ya ba cutar shekaru kyauta.

A da, in an auna mutum an same shi da ita, sai a ce ya jira sai sojojin jikinshi sun ragu kafin a fara magani. Wannan ya wuce. A shekarar 2015 sakamakon manyan bincike biyu ya fito, ɗaya sunanshi START, ɗayan kuma TEMPRANO, wanda aka yi nan kusa da mu, a Abidjan. Duka biyun sun nuna wanda ya fara magani da wuri ya fi tsira daga manyan cututtuka nesa ba kusa ba. A wannan shekarar OMS ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar cutar a fara mishi magani ba jira. Yau ga mafi yawan manya ƙwaya guda ce a yini. Wanda ke shan ta kullum, cikin watanni ƙwayar cutar takan ragu a jininshi har na'ura ta kasa ganinta, kuma wanda ya kai wannan matsayi ya zauna a kai, ba ya sa wa matarshi ko mijinta ta hanyar kwanciya. Mace mai ciki in ba a yi komi ba, cikin jarirai 100 ana iya samun 15 har zuwa 45 da za su ɗauka, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. In tana bisa magani, abin yakan sauka ƙasa da 5. Kuma maganin nan na ARV kyauta ake ba da shi a Nijar.

Magani na nan, kyauta ne, yana aiki. Me ya sa har yanzu ake kawo mutane a kwance?

Amsar da aka saba ba mu ita ce jahilci. A ce talaka bai waye ba, a ƙara faɗakarwa a rediyo. Ni ban ƙi faɗakarwa ba, amma ɗan uwana ba jahili ba ne. Ya san ciwon, ya san akwai magani, ya san inda ake awo. Tun 1987 aka ba da sanarwar mutum na farko mai sida a ƙasar nan, a Arlit, kuma tun lokacin ake magana a rediyo. Abin da ya rasa shi ne mutum guda cikin farar riga da zai iya danƙa wa sirrinshi ya yi barci.

Rashin yardar nan kuwa yana da tushe, kada mu yi kamar daga sama ya faɗo. A 1995, lokacin babbar annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa mutane sama da 50,000 allurar rigakafi wadda daga baya aka gano ta jabu ce, babu magani a cikinta. A 1996, a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan lokacin annobar sanƙarau. Gwajin ya shafi yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Tsakanin Maradi da Kano kuwa kun san labari ba ya neman biza. Da aka zo 2003, wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan inna bisa jita-jitar cewa an sa mishi maganin hana haihuwa, wasu ma suka ce har da ƙwayar sida. Jita-jitar ƙarya ce, kuma yara ne suka biya kuɗinta da ƙafafunsu, har a wannan gefe na iyaka. Amma ta samu masu saurare ne saboda wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Sai dai ni a ganina waɗannan manyan labarai ba su ne suka fi hana mutum zuwa awo ba. Abin da ya fi hana shi, shi ne abin da ya gani da idonshi ranar da ya kai ɗanshi mai masassara. Ya zo tun asuba, ya zauna har hantsi, wanda ya zo bayanshi da mota ya shiga gabanshi saboda ya san wani. Ya yi sallama ba a ɗago kai ba. Aka rubuta takarda kafin ya gama faɗin abin da ke damun yaron. Ya tambayi mene ne ciwon, aka ce mishi “kai ne likitan?” Ko matarshi ta dawo daga matarnite tana ba da labarin tsawar da aka yi mata tana naƙuda. Wannan ba ƙirƙirata ba ce. A 2003 wasu masu bincike biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ke cikin waɗanda suka kafa cibiyar LASDEL a Yamai, sun fitar da littafi kan yadda ake karɓar marasa lafiya a manyan birane biyar, Abidjan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Sunan da suka sa wa littafin ma'anarshi aikin likita marar karɓar baƙi. Abin da suka gani shi ne wanda ya san wani a ciki ana kula da shi, wanda bai san kowa ba sai Allah.

Yanzu ku auna da kanku. Mutumin da aka wulaƙanta a kan masassara, wadda ba abin kunya ba ce, shi ne za mu ce ya koma wurin nan ya faɗi sirrin shimfiɗarshi? Yardar da ake bukata ranar awon sida, tun ranar palu ake gina ta ko a rushe ta. Kuma in bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Mai tallar magani bisa keke yana gaishe ka, yana sauraronka, yana ba ka bashi. Mai cewa yana warkar da sida da saiwa cikin kwana arba'in yana ba ka tabarma da ruwan sha. Maganinsu ba ya kashe ƙwayar cutar nan, ko kusa. Amma sun san darajar shimfiɗar fuska, shi ya sa ake fara zuwa wurinsu, a zo likita daga ƙarshe.

Sa'an nan ga maganar sirri. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna kimanin mutum 7 cikin 1000 na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar cutar a Nijar, na 2012 ya nuna 4 cikin 1000. Alhamdu lillahi, adadin ba shi da yawa in an gwada da wasu ƙasashe. Amma ƙarancin nan yana da nashi sharri. Inda masu ciwon ba su da yawa, wanda aka sani da shi ya zama abin nuni. Kuma sau da yawa ba da baki ake tona asiri ba. Ɗaki guda ne a ƙarshen baranda da kowa ya san na masu sida ne. Rana guda ce a mako da kowa ya san ta karɓar magani ce. Rajista ce a buɗe bisa tebur. Labule ne a maimakon ƙofa, ana magana na waje yana ji. Mai gadi, da mai shara, da ɗan kabu-kabun da ke jira bakin ƙofa, kowa yana iya haɗa biyu da biyu. Shi ya sa za ka ga mutum ya bar garinsu ya tafi wani gari mai nisa karɓar magani, ranar da babu kuɗin mota sai magani ya yanke. Ƙasarmu tana da doka kan wannan ciwo tun 2007, aka sake ta a 2015, ta tanadi riƙe sirrin mai ciwo, ta hana nuna mishi wariya. Mu nawa ne a nan muka san da ita? In asirin mutum ya tonu, ƙofar wa zai buga?

Mata kuma nasu ya fi nauyi. Da yake ana yin awon nan lokacin awon ciki, mace ce ake fara ganowa a gida. Sai ta dawo da labari a cikinta, tana tunanin in ta faɗa za a ce ita ta kawo shi, ga kishiya, ga uwar miji, ga takardar saki. Mu maza kuwa ba mu da awon ciki. Ba ma zuwa likita sai an ɗauke mu. Shi ya sa a ƙasashen Afirka da dama maza ne suka fi zuwa a makare. Maigida, in matarka ta zo maka da wannan magana, wanda aka fara aunawa ba lalle shi ne ya fara ɗauka ba. Ka tashi ku koma tare.

Akwai wani gefe da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi yi mini ciwo a labarin ɗan uwana. Kafin tsoro ya kama shi, ya je likita da ƙafafunshi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Lokacin ƙurajen nan, lokacin masassarar da ke dawowa, babu wanda ya ce mishi “Malam, bari mu duba wannan ma.” Wataƙila sun ga magidanci ne mai kamala, suka ji nauyi. Wataƙila layi ya yi tsawo. Shi kuma a lokacin ya ɗauka tunda an ɗebi jininshi ba a ce komi ba, to ba shi da komi. Jama'a, ku riƙe wannan: awon palu daban, awon tifoyid daban, awon sida daban. In ba a yi maka magana a kanshi ba, kada ka ɗauka an yi. Ashe yarda ma in ta zama ta rufe baki tana jawo makara. Yardar da nike kira gare ta ita ce wadda za ka iya buɗe baki ka yi tambaya, a ba ka amsa.

Ba na so ma'aikatan lafiya su tashi daga nan suna cewa an tara mutane an zage su. Na ga majo guda yana duba mutum fiye da yadda zan iya ƙirgawa, shi ne mai allura, shi ne mai rubutu, shi ake tayarwa da dare. Na ga ungozoma tana karɓar haihuwa da fitilar salula. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma kowa ya san yadda kuɗin da gwamnati ke mayar wa asibitoci suka riƙa makara, har kantar magani ta bushe, kuma wanda ke gaban majinyaci shi ke shan zagi. Akwai ranar da kayan awon kansu ke yankewa. Mutum ya yi wata uku yana tara ƙarfin hali, ya zo, a ce mishi babu, ya dawo wani mako. Wannan ba ya dawowa. Saboda haka in muna neman ma'aikaci ya sake hali, dole mu nemi a ba shi kayan aiki, da abokan aiki, da albashi a kan lokaci. Kuma na san da yawa cikinku sun riƙe sirrin mutane shekara da shekaru, ko matansu ba su ji ba. Allah ya saka muku. Ku ne hujjar cewa abin mai yiwuwa ne.

To me muke nema? Ga ma'aikatan lafiya: ku riƙa ba da shawarar awon nan ga kowa kamar yadda kuke auna hawan jini, musamman mai tarin fuka, mai ciki, mai ciwon sanyi, mai ramewa ko masassarar da ta ƙi jin magani, da yaron da tamowa ta ƙi saki. In kowa ake tambaya, babu wanda zai ji an zarge shi. Ku nemi izini, ku rufe ƙofa, ku rufe rajista. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ga shugabannin asibitoci da hukumomin lafiya: a duba ɗakunan da suka zama tambari, a daina ware rana ko layin da ke nuna mutum. A samar da wurin kai kuka wanda talaka ya sani, kuma wanda ya tona asirin majinyaci a hukunta shi yadda doka ta ce. Kada kayan awo da magani su yanke. A jawo masu ɗauke da ƙwayar cutar da kansu cikin aikin, irin ƴan ƙungiyar RENIP+, domin wanda aka gaya wa sakamako yau, babu abin da ke kwantar mishi da hankali kamar ya ga wani da ya shekara goma yana shan magani, ga shi da ƙibarshi da iyalinshi.

Ga kwamitocin lafiya na unguwanni da ƙauyuka: aikinku bai tsaya ga ƙirga kuɗin akwati ba. Ku tambayi mutane yadda ake karɓarsu, ku kai maganar inda ta dace.

Ga malamanmu da sarakunanmu: kalma guda daga bakinku ta fi sanarwa ɗari. Ana ɗaukar ciwon nan ta aure na halal, ana haihuwar yaro da shi, ana ɗauka ta jini da kayan yanka ko allurar da ba a tsabtace ba. Ba a ɗauka ta gaisawa, ko cin tuwo a ƙwarya guda, ko buta, ko cizon sauro. Ku faɗa wa mutane haka.

Mu kuma sauran jama'a, mu binciki kanmu. Ma'aikaci in ya yi surutu, wa yake ba labarin? Mu ne masu saye. Mu ne in mutum ya rame muke kallon juna a majalisa. Mu ne muka laƙaba wa ciwon sunaye na kabari. Da ba mu gudun mai shi, da tonon asirin bai zama abin tsoro haka ba. Ɗan uwana ba mutuwa ya fi tsoro ba, tsoronshi a daina kawo mishi ɗinki.

A ƙarshe, ga abin da kowa zai iya yi a wannan mako. Awon nan ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin minti kaɗan. In ba ka yarda da wurin da ke kusa da kai ba, je wani, haƙƙinka ne. In wani abu ya faru da kai kwanan nan da kake shakka, awon farko yana iya ƙin nunawa, sai a sake bayan wata uku. In kuwa abin bai wuce kwana uku ba, kamar wadda aka yi wa fyaɗe ko ma'aikacin da allura ta soke, akwai maganin kariya da ake sha kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72, saboda haka a gaggauta. Ni na yi nawa awon bayan rasuwar ɗan uwana, gabana yana faɗuwa kamar na kowa, kuma wadda ta yi mini ta rufe ƙofa, ta kira ni da sunana, ta yi mini bayani. Shi ya sa na koma, shi ya sa na kai wasu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu kula da su haƙuri da riƙon amana. In na faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, a gafarce ni.